Daga dàa maa zuwa dâa maa: sharaɗin da bai auku ba a Hausa, bisa misalin fim ɗin L'Effet papillon

0. Gabatarwa

Kowane harshe yana da hanyar yin magana a kan abin da bai faru ba alhali yana iya faruwa. Manomin albasa na Galmi wanda ya sayar da amfaninsa da wuri, daga baya kuɗinta ya tashi, ba ya buƙatar malamin nahawu kafin ya ce «da mun jira da mun ci riba». Wannan gini shi ne nahawun Faransanci yake kira irréel du passé. A nan za mu kira shi sharaɗin da bai auku ba. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda Hausa take gina shi, da yadda Hausar gundumomin Birnin Konni, Malbaza da Ilela ta jihar Tawa take rarrabe shi da labarin abin da ya auku, sa'annan mu nuna abin da ƙa'idojin rubutu na yanzu suke ɓoyewa a cikinsa.

Don sauƙaƙa bayani mun jingina nazarin ga wani fim na Amurka wanda jigonsa shi ne komawa baya a gyara abin da ya wuce. Dalilinmu shi ne fim ɗin, daga farkonsa har ƙarshensa, jumlar sharaɗi ce aka mayar hoto, don haka yana fito da abubuwan da misalan littafin nahawu ba su cika fitowa da su ba.

A cikin misalai muna ruɓanya wasali don nuna tsawo (aa). Karin sauti na ƙasa muna nuna shi da à, mai faɗuwa da â, na sama kuwa ba shi da alama. Misalan duka mu muka gina su.

1. Fim ɗin a taƙaice

An fitar da The Butterfly Effect a 2004, a ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma an san shi da L'Effet papillon. Eric Bress da J. Mackye Gruber suka rubuta shi suka kuma shirya shi. Ashton Kutcher ya fito a matsayin Evan Treborn, Amy Smart a matsayin Kayleigh. Sunan ya samo asali daga masanin yanayin sama Edward Lorenz, wanda a wata lacca ta 1972 ya yi tambaya ko kaɗa fiffiken malam-buɗe-littafi a Barazil yana iya tayar da guguwa a Tekzas. Abin da yake nufi shi ne, a lamura irin na iska da hadari, ɗan bambanci kaɗan a mafari yakan zama babban bambanci a ƙarshe. Jigon ba sabo ba ne: a 1952 Ray Bradbury ya rubuta gajeren labarin mutumin da ya koma zamanin da ya shuɗe, ya taka malam-buɗe-littafi, ya dawo ya tarar duniya ta sake, a Faransa kuma Chris Marker ya yi La Jetée a 1962.

Evan yaro ne da yakan ɗauke a lokutan tashin hankali, ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba. Likita ya ba da shawara ya riƙa rubuta abin da ya same shi kowace rana. Da ya shiga jami'a sai ya gano cewa in ya buɗe littattafan nan ya karanta, yakan koma cikin jikinsa na yarinta a daidai lokutan da ya ɗauke, har ya iya aikata wani abu dabam. A rayuwarsa ta farko Kayleigh, wadda mahaifinta ya ci zarafinta tana ƙarama, ta kashe kanta. Evan ya koma ya tsawata wa mahaifin. Kayleigh ta tsira, amma ɗan'uwanta Tommy ya tashi da mugun hali, Evan ya kashe shi a faɗa, aka kai shi gidan kaso. Ya sake komawa: wannan karo abokinsu Lenny ne ya kashe Tommy, Kayleigh ta faɗa karuwanci da shan ƙwaya. Ya sake komawa don ya ceci wata mata da jaririnta daga nakiya, Tommy ne kuma ya kuɓutar da su. Kowa ya zauna lafiya, shi kuwa ya rasa hannuwansa biyu, mahaifiyarsa ta kamu da ciwon dajin huhu. A komawa ta gaba Kayleigh ta mutu tana yarinya ta dalilinsa, ya tsinci kansa a asibitin masu taɓin hankali, inda aka gaya masa cewa littattafan nan ba su taɓa wanzuwa ba. A ƙarshen da aka nuna a gidajen silima, ya koma ranar da suka fara haɗuwa ya tsorata ta da gangan don kada su saba. Bayan shekaru suka gitta juna a titi, ba ta san shi ba.

2. Kalmomi uku, rubutu ɗaya

Abin da daidaitacciyar Hausa take rubutawa «da» ya ƙunshi aƙalla kalmomi uku waɗanda kunne yake rarrabewa:

(1) a. dà yaaròn ya zoo, sai mukà tàfi
«Quand le garçon est venu, nous sommes partis»
b. dàa yaaròn yaa zoo, dàa mun tàfi
«Si le garçon était venu, nous serions partis»
c. dâa yaaròn yanàa zuwàa nân
«Autrefois le garçon venait ici»

A (1a) dà gajere ne, sautinsa na ƙasa, yana buɗe gangar lokaci: yaron ya zo. A (1b) dàa dogo ne, sautinsa na ƙasa, yana buɗe sharaɗi: yaron bai zo ba. A (1c) dâa dogo ne, sautinsa mai faɗuwa, bayanau ne na lokaci: abin ya kasance, yanzu ya daina. Wato ke nan, dangane da gaskiyar aukuwa, kalmomin uku suna faɗin abubuwa uku: ya faru, bai faru ba, ya faru amma ya wuce. Nahawun Paul Newman na 2000 ya ware su ɗaya bayan ɗaya, haka ma ƙamusoshin da suke nuna karin sauti.

3. Yadda ake gina sharaɗin

Faransanci yana amfani da si ɗaya ga kowane irin sharaɗi, sai ya sauya siffar aikatau: si nous attendons a gefe guda, si nous avions attendu, nous aurions gagné a ɗaya gefen. Hausa ta bi wata hanya: tana barin aikatau da lamirin lokacinsa yadda suke, ta sauya mahaɗi.

(2) a. in mun jiraa, zaa mù ci riibàa
b. dàa mun jiraa, dàa mun ci riibàa

«Mun jira» ɗaya ce a jumlolin biyu. A (2a) jiran bai riga ya zo ba, ƙofa a buɗe take. A (2b) lokacin jiran ya wuce, ƙofa ta rufe. Wannan yana tuna mana cewa abin da littattafan makaranta suke kira shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya ba agogo yake nunawa ba, kammaluwar aiki yake nunawa (accompli), shi ya sa ake cewa «in ya zo gobe», mai bankwana kuma yakan ce «na tafi» yana tsaye. Nauyin nuna cewa an fita daga duniyar da ta auku yana kan dàa ita kaɗai. Ta wannan fuska Hausa ta fi kama da Larabci, wanda ya keɓe law ga sharaɗin da bai auku ba.

Abubuwa uku ne ya kamata a lura da su. Na farko, dàa tana zuwa sau biyu, ɗaya a gaban sharaɗi, ɗaya a gaban sakamako. Ta farkon tana iya zama in dàa ko dàa à cêe. Na biyu, bayan dàa shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya ake samu (yaa, sun), bayan dà ta lokaci kuwa na biyu (ya, sukà). Na uku, ginin bai tsaya ga aikatau ba: ana cewa «da ni ne kai», «da ina da kuɗi», «da ba don ruwa ba».

Ana iya yanke sakamako a bar sharaɗi shi kaɗai, kuma a nan ne ginin yake zama nadama: dàa naa sanìi. Wannan guntuwar jumla har ta zama suna, ana cewa wane ya yi da-na-sani. Karin magana ya ce da-na-sani ƙeya ce, wato a baya take, mai ita ba ya ganinta sai ya wuce. A wajen malamai kuma sanannen abu ne hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda ya hana mumini, in wani abu ya same shi, ya riƙa cewa da na yi kaza da kaza ya faru, domin wannan kalma tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Ke nan mai kallo Bahaushe yana zuwa gaban irin wannan fim da hukunci biyu a kan dàa, na al'ada da na addini.

4. Abin da fim ɗin ya yi wa nahawu

4.1. Mai faɗin (2b) yana ɗauka cewa in an sauya abu ɗaya, sauran duniya za ta zauna yadda take: sharaɗi ɗaya, sakamako ɗaya. Bai lissafa da ruwan da zai iya ruɓar da albasar a rumbu ba, ko rufe iyaka irin wanda Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Fim ɗin yana ɗaukar gangar farko da gaske, ya aiwatar da ita, sa'annan ya nuna cewa ganga ta biyu ba ta tsaya inda mai magana ya sa aya ba. Kowane sakamako da Evan ya yi fata ya samu, amma ya zo da wasu waɗanda bai ambata ba. Tambayar Lorenz ke nan a cikin sigar jumla.

4.2. Duk wanda zai ba da labarin fim ɗin da Hausa dole ya kawo kowace rayuwa cikin shuɗaɗɗen lokaci na biyu, lokacin jeranta labari, kamar yadda muka yi a sashe na 1: ya koma, ya tsawata, aka kai shi. Babu dàa ko ɗaya, domin a kan allo kowace rayuwa ta auku. Matsala tana tasowa ne idan aka tambayi matsayin rayuwar da aka goge. A wurin Evan, wanda yake tuna ta har jini yana zubo masa ta hanci saboda nauyin tunanin da ya taru a ƙwaƙwalwarsa, rayuwar nan dâa ce: ta kasance ta wuce. A wurin likita da sauran mutane dàa ce: ba ta taɓa kasancewa ba. Mutumin da yake cewa dâa inda kowa yake cewa dàa shi ne jama'a take kira mahaukaci. A ganinmu duhun fim ɗin daga nan ya fito, fiye da wuraren zubar da jini.

4.3. Ƙarshen fim ɗin yana shiga cikin jumla biyu waɗanda karin sauti kaɗai ya raba:

(3) a. dàa maa bàn san tà ba
«Si seulement je ne l'avais pas connue»
b. dâa maa bàn san tà ba
«De toute façon, je ne la connaissais pas»

(3a) fata ce ta wanda ya san ta, ya kuma yi nadama. (3b) labari ne na wanda tun asali bai san ta ba. Aikin da Evan ya yi a komawarsa ta ƙarshe shi ne ya mayar da (3a) ta zama (3b), kuɗin da ya biya kuwa shi ne rabuwa da wadda ya yi dukan tafiyar dominta. A ƙa'idar rubutu duka biyun «da ma ban san ta ba» ne.

Akwai wani ƙarshen a kwafin da masu shirya fim ɗin suka fitar daga baya, inda Evan ya koma cikin mahaifa ya shaƙe kansa da cibiya. Jumlarsa ita ce dàa maa bà à hàifee nì ba. Ita wannan ba ta da takwara irin ta (3b), saboda idan fatar ta cika babu sauran wanda zai ce «ni». A nan ginin ya kai iyakarsa.

5. Hausar Konni da Adar

Birnin Konni yana kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, daf da iyaka, yana fuskantar Illela ta jihar Sakkwato, wadda bai kamata a rikita ta da Ilela ta Nijar ba, mazaunin Sarkin Adar. Hausar wannan yanki, har zuwa Malbaza da Galmi, tana cikin karin harshen yamma, tare da ta Sakkwato da Gobir. Bernard Caron ya bayyana ta Adar a littafinsa Le haoussa de l'Ader na 1991. Daga siffofinta da aka sani akwai shina a maimakon yana, da tahi a maimakon tafi. Wadda ta shafe mu a nan ita ce siffar shuɗaɗɗen lokaci na biyu.

A daidaitacciyar Hausa, bambancin lokaci na ɗaya da na biyu yana fitowa a rubuce a jam'i (mun da muka, sun da suka) da kuma mace da ake magana da ita (kin da kika). A sauran tilo kuwa tsawon wasali ne kawai: naa da na, kaa da ka, yaa da ya, taa da ta, kuma ba a rubuta shi. A yamma, lokaci na biyu yana ƙarewa da baƙi wanda yake rikiɗa ya zama irin baƙin farko na aikatau, jam'i kuma yana ɗaukar -nkà:

(4) a. dà yaz zoo / dàa yaa zoo
b. dà tat tàhi / dàa taa tàhi
c. dà sunkà zoo / dàa sun zoo

Ko an cire duk alamomin sauti da tsawo, «da yaz zo» ba za ta rikice da «da ya zo» ba. Wato Bakonne ko Ba'adare, in ya rubuta yadda yake faɗi, rubutunsa ya fi na daidaitacciyar Hausa bayyana a wannan wuri. Amma wannan fa'ida tana da iyaka. A korewa lokutan biyu sun haɗe a kowane karin harshe, don haka dà bài zoo ba da dàa bài zoo ba sun koma dogara ga tsawon wasalin mahaɗi. Haka kuma ruɓanya baƙi ba ya taimakawa ga (3a) da (3b).

6. Inda matsalar take da nauyi

Za a iya cewa mahalli yakan warware shubuha, tunda dàa ta biyu ko «sai» za su zo su nuna hanya. Haka ne a cikakkiyar jumla. Akwai wurare biyu aƙalla da jumla ba ta zuwa cikakkiya.

Na farko shi ne fassarar finafinai. Kallon bidiyo a wannan yanki ya tashi daga kasat zuwa faifai, daga faifai zuwa salula, kuma finafinan waje da aka sa wa muryar Hausa, irin na kamfanin Algaita na Kano, sun samu karɓuwa a ƙasar Hausa. Muddin murya ce, babu matsala, mai fassara yana faɗin dàa da dâa yadda suke. Idan aka koma ga rubutu a ƙasan allo, inda ake yanka jumla gida biyu kuma maganar ƴan wasa guntu-guntu ce, mai karatu zai ga «da ya zo» ita kaɗai, hoto ya wuce kafin rabi na biyu ya iso. A fim irin L'Effet papillon, wanda dukan ma'anarsa ta rataya ga sanin wace rayuwa ce ta auku, kuskure ɗaya ya isa ya juya labari.

Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne rubuta tarihin baka. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Konni ta yi kisa mai yawa, kuma abin da ya rage na wannan tarihi a ƙauyukan yankin a bakin dattawa yake. A ɗauka wani dattijo ya faɗi ɗayan waɗannan, sa'annan ya yi shiru ko aka katse shi:

(5) a. dà yab bi ta nân...
b. dàa yaa bi ta nân...

(5a) shaida ce cewa rundunar ta ratsa ƙauyen. (5b) shaida ce cewa ba ta ratsa ba. Ɗalibin da ya saurari kasat ya «gyara» maganar zuwa daidaitacciyar Hausa zai rubuta «da ya bi ta nan» a duka biyun. Mai nazarin tarihi da zai karanta takardar bayan shekaru, ba tare da muryar ba, ba shi da hanyar sanin wanne aka faɗa. Ta haka rubutu yana iya yi wa tarihin gari abin da Evan ya yi wa rayuwarsa, ba tare da kowa ya nufa ba.

Nijar ta taɓa rubuta tsawon wasali. Bayan taron Bamako na 1966, littattafan yaƙi da jahilci sun riƙa ruɓanya wasali, kamar yadda sunayen jaridun Gangaa da Saabon Ra'ayii suke nunawa. Taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 ya kusanto da rubutun ƙasashen biyu, ƙa'idar da Nijar ta tabbatar a 1999 kuma ba ta nuna tsawo ko karin sauti. Ba mu ga dalilin komawa baya ba: ruɓanya wasali zai raba dà da dàa, amma ba zai raba dàa da dâa ba. Sai dai tun da dokar ƙasa ta 2025 ta sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ana sa ran takardun da za a rubuta da Hausa su ƙaru, har da na shari'a, inda bambancin «ya faru» da «da ya faru» yake iya zama bambancin laifi da rashinsa.

Muna ba da shawarwari uku waɗanda ba su buƙatar sake ƙa'ida:

a) A rubutun maganar baka daga yankin yamma, a bar yaz zo, tat tahi, sunka, anka yadda aka faɗe su, in ana son daidaitacciyar Hausa a sa ta a layi na biyu.

b) A fassarar allo da takardun hukuma, inda mai rubutu yake da zaɓi, a buɗe sharaɗin da bai auku ba da «in da» ko «da a ce», a buɗe gangar lokaci da «sa'ad da» ko «lokacin da».

c) A sa wa bayanau na lokaci alama duk inda shubuha za ta iya shiga. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta daɗe tana rubuta shi «dā», abin da ya nuna cewa masu karatu suna iya ɗaukar alama ɗaya ba tare da wahala ba.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa Hausa tana ɗora sharaɗin da bai auku ba a kan mahaɗi, ba a kan aikatau ba, kuma mahaɗin ya bambanta da maƙwabtansa biyu ta tsawo da karin sauti kawai. Fim ɗin L'Effet papillon ya taimaka mana wajen ganin abin da wannan ɗan bambanci yake ɗauke da shi, tunda labarinsa duka tafiya ce daga (3a) zuwa (3b). Hausar Konni, Malbaza da Ilela tana riƙe da wani ɓangare na bambancin a cikin baƙaƙe, inda daidaitacciyar Hausa ta bar shi ga wasulan da ba a rubutawa.

Aiki biyu ya rage wa ɗalibai masu neman batun bincike. Na ɗaya, a tattara maganar yau da kullum a kasuwannin yankin a ƙirga sau nawa dàa ta biyu take faɗuwa, da kuma irin lamirin lokacin da yake bin ta. Na biyu, a ɗauki kasat ɗin tarihin baka da aka riga aka rubuta, a sake sauraro, a kwatanta kowace «da» ta takarda da abin da dattijon ya furta.